Na biya Yuro 30 an zagaya da mu daji neman naman kaza a Jamus, ga yadda na ga aikin

Tun da kaka ta shigo nake ganin mutane a jirgin ƙasa ranar Asabar da kwanduna, tsofaffi da jikokinsu, kowa da 'yar wuƙarsa, sai maƙwabciyata ce ta faɗa min wai naman kaza suke zuwa nema a daji, abun nan da muke cewa laimar kwaɗi. Abun ya taɓa ni gaskiya, don a Kafanchan na tashi, kuma duk da a gidanmu ba a ci, har kwaɓarmu ake idan mun taɓa, akwai wata tsohuwa a unguwarmu da take sammako bayan an kwana ana ruwa ta tono wanda ke fitowa a jikin suri, fari mai doguwar saiwa, ta yi miya da shi, har yau ƙamshin yana hancina. To shi ne na ce ni ma sai na je, maƙwabciyar ta ce kar in kuskura in shiga ni kaɗai, in nemi wanda suke kira Pilzsachverständiger, wato masanin da ya ci jarabawar ƙungiyar masana naman kaza ta Jamus, DGfM.

Na samu wani dattijo da ke fita da mutane wani daji a gefen garin Freiburg, ɓangaren babban dajin da ake kira Schwarzwald. Yuro 30, awa huɗu, mu goma sha huɗu, na tafi da 'yata.

Tun a wurin ajiye motoci ya ga ledar da ke hannuna ya girgiza kai ya ara min kwando, ya ce a leda gumi yake yi ya ruɓe kafin a kai gida, kuma ko irin da ake ci ne in ya lalace sai ya ɓata ciki. Sannan ya ce duk wanda ba ku sani ba kar ku yanke shi da wuƙa, ku murɗo shi gaba ɗaya har gindin, a lokacin ban gane dalili ba sai da muka yi kamar rabin awa muna tafiya.

A ƙarƙashin wasu manyan itatuwa na hango wani, tsaf da shi, hularsa tana ɗan kore-kore kamar zaitun, ƙasanta fari fes, wallahi zuciyata ta tafi kai tsaye wajen na tsohuwar nan ta Kafanchan, na kira shi da murna na ce irin wannan muke da shi a gida. Bai yi dariya ba, bai kuma yi min faɗa ba. Ya durƙusa ya share busassun ganye da yatsa a hankali ya tono shi duka, ya tara kowa, ya nuna mana wani ɗan siket da ke rataye a wuyan sandar, sannan gindin, kumburarre a cikin wata 'yar jaka fara kamar an fasa dafaffen ƙwai, wadda da na yanke da wuƙa a ƙasa za ta tsaya ba zan taɓa ganinta ba. Ya ce mu sunsuna, ƙamshi ne mai ɗan zaƙi kamar zuma. Ya ce wannan shi ne Grüner Knollenblätterpilz, a boko Amanita phalloides, kusan tara cikin goma na waɗanda naman kaza ke kashewa shi ne sanadi, kuma guda ɗaya ya isa ya kashe babban mutum. Dafuwa ba ta kashe gubar, suya ba ta kashe ta, shanya ma haka. Abun da ya fi tsorata ni shi ne ba a jin komai sai bayan awa 6 har zuwa 24, sannan amai da gudawa su taso, sai mutum ya ji kamar ya samu sauƙi alhali hanta ce ke mutuwa a ciki.

Ya dube ni ya ce ba ke ce ta farko ba. A 2015 asibitin jami'a na Hannover sai da ya buga fastoci da harsuna daban-daban saboda 'yan gudun hijira, yawanci daga Siriya, da suka ci shi suna zaton na garinsu ne, kuma a 2021 wasu yara biyu 'yan gida ɗaya daga Afganistan, mai shekara 5 da mai 6, sun rasu a Poland ta wannan hanyar. Jikina ya yi sanyi, na riƙe hannun 'yata. Dan Allah 'yan uwa da ke Turai, sanin da muka taho da shi daga gida bai yi ƙarya ba a gida, amma dajin nan ba namu ba ne, naman kazan suri tare da gara yake rayuwa kuma babu irinsa a nan. Wannan minti goman kaɗai ya biya min kuɗina.

Daga nan ne ya koma kan waɗanda ake ci, kuma na ji daɗin yadda bai cika mu da yawa ba, ya ce sabon shiga ya tsaya kan masu soso a ƙarƙashin hula, ya bar masu tsaga-tsaga tukun. Mun samu Steinpilz guda uku, masu ƙiba da tauri, da Marone da yawa, ita wannan in ka danna sosonta da yatsa sai wurin ya koma shuɗi, 'yata ta yi ta dannawa. Ya nuna mana wani mai kama da Steinpilz sosai amma sosonsa na ɗan ja-ja, Gallenröhrling, ya ce ba ya kisa amma ɗacinsa kamar maɗaciya, ɗaya ya shiga tukunya shikenan an yi asarar miya. Maganar cewa in dodon koɗi ya ci to mutum ma zai iya ci, ko cokalin azurfa zai yi baƙi in akwai guba, ya ce duk ƙarya ne. Wani saurayi a cikinmu yana ta ɗaukar hoto da manhajar waya, dattijon ya ce waya ba ta jin ƙamshi kuma ba ta ganin abun da ke cikin ƙasa, a yi wasa da ita amma kar a ɗora tukunya a kan maganarta.

Ya taɓo doka ma a taƙaice, na ci a gida kawai ake ɗiba, kamar kilo ɗaya ga mutum a rana a yankin nan, kuma a dajin da gwamnati ta keɓe don kariya ba a taɓa komai.

Amma akwai inda ban ji daɗi ba kuma zan faɗa. Mun yi yawa, in kana baya ba ka ganin abun da yake nunawa, ga shi da saurin magana da Jamusancin ƙauyensu, sau da yawa sai na ce ya maimaita, kuma ko 'yar takarda mai hotuna bai ba mu ba, da na dawo gida rabin sunayen sun gudu. Na biyu, a saƙon da ya turo bai ce komai kan kaska ba, alhali Baden-Württemberg, jihar da Freiburg take, na cikin inda kaska ke yaɗa ciwon FSME mai kumbura ƙwaƙwalwa, da dare na ciro ɗaya a bayan gwiwar 'yata, ku sa dogon wando ku cusa shi cikin safa. Na uku, a ƙarshe suna haɗa abun da aka samo a soya tare a ci, sai na ga an fara da kitsen alade, ba wanda ya tambaya, don haka Musulmi ya yi magana tun farko ko ya ware nasa kamar yadda na yi.

Kafin mu watse ya zazzage kwandon kowa a kan tebur ya duba ɗaya bayan ɗaya, a nawa ya cire biyu da suka tsufa tsutsa ta shiga. Ya ce in ajiye ɗan guntu ɗanye a firij, in wani ya ji ba daidai ba a kira 112, lambar agajin gaggawa, ko cibiyar guba ta asibitin jami'ar Freiburg a tafi da guntun, kar a jira gari ya waye.

Na soya nawa da man gyaɗa da albasa da attarugu, na bar shi ya yi minti 20 a wuta kamar yadda ya ce don Marone ba a cinta da ɗanye-ɗanye, muka ci da shinkafa, maigidan da ya rantse ba zai taɓa ba sai da ya ƙara. Na riga na sake yin rajista na Asabar ta sama, wannan karon na ƙaramin rukuni mai mutum shida, ya fi tsada da Yuro 10, kuma zan tafi da littafin rubutu.