Ɗanku na son koyon kiɗa: sutudiyo, gidan makaɗi, ko malami ya zo gida?

Yaron da kiɗa ya shiga ransa ba ya ɓoyuwa. Shi ne mai mayar da bokitin wanka ganga, mai ƙwanƙwasa bencin aji har sai malam ya daka masa tsawa. Ita ce yarinyar da za ta ji waƙa sau biyu a rediyo ta rera ta daidai, ba ta karkace ko'ina ba. Iyaye in sun ga haka, wasu su tsawatar, wasu su fara tunanin inda za su kai yaron ya koya da kyau. Da waɗannan na biyun nake magana, musamman mazauna birane irin Kano, Kaduna, Zariya, Jos da Yamai, inda zaɓin ya fi ɗaya kuma kuɗi na iya tafiya a banza.

Na san akwai gidajen da ba a yarda da kayan kiɗa ba sam. Malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, kuma fatawa ba aikina ba ce. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa. Wanda ya tsaya a kan murya kaɗai, shi ma akwai hanyarsa, zan zo kanta.

Kafin ku biya ko sisi, ku san abin da kuke saye. Abu na farko kunne ne. Yaron da ya koyi kiɗa yana jin bambancin sautin da ya hau da wanda ya sauka, yana jin inda aka yi gaggawa da inda aka ja. Ɗan Bahaushe ma da rabin wannan ya taso, domin harshenmu na karin sauti ne, hawa da saukar murya na sauya ma'anar magana. Darasi yana ƙara wa abin da yake da shi kaifi ne. Na biyu haƙuri: ya maimaita ɗan guntun kiɗa yau, gobe, jibi, har yatsunsa su miƙa wuya, ya gani da idonsa cewa abin da ya gagare shi ranar Asabar ya zo hannu ranar Laraba. Na uku, in yana kiɗa tare da wasu, dole ya koyi sauraren na kusa da shi, ya san lokacin shigarsa da lokacin yin shiru. Amma duk wanda ya ce muku darasin fiyano zai mayar da ɗanku gwanin lissafi ko ya ƙara masa ƙwaƙwalwa, talla yake yi. Binciken da aka yi a kan wannan bai tsaya da ƙafarsa ba. Ku biya don kiɗan kansa da tarbiyyar da ke tattare da naci.

Yawancin iyaye sutudiyo ce ke fara zuwa musu a rai, kuma a nan aka fi yin kuskure. Abin da muke kira sutudiyo a garuruwanmu, irin waɗanda suka cika Zoo Road a Kano, galibi ɗakin ɗaukar waƙa ne. Akwai fiyano, akwai kwamfuta da manhaja irin FL Studio ko Cubase, akwai ɗan ƙaramin ɗakin da mawaƙi ke shiga ya rera. Mai wurin sana'arsa haɗa kiɗa da sayar da lokacinsa ga mawaƙa. Yana iya zama gwani na gaske, amma iya kiɗa daban, iya koyar da ɗan shekara takwas daban. Abin da kan faru shi ne, a ajiye yaro a kujera yana kallo, mawaƙi mai biyan kuɗi ya shigo a ce masa ya matsa, wata uku su wuce bai taɓa fiyanon na minti ashirin a jere ba. Wani wurin kuma sai a ɗauki muryar yaron, a gyara ta da manhajar daidaita murya ta Auto-Tune, a zuba kiɗa, a tura wa uba a waya. Uba ya ji daɗi ya yaɗa a dangi. An sayar masa da waƙa ɗaya, yaron bai koyi komai ba.

Ba ina cewa a guji sutudiyo ba ne. Akwai masu ware sa'o'i na koyarwa, da ɗaki na musamman da malami tsayayye, kuma in kun dace da irin wannan, ita ce zaɓin da ya fi cika ga mai son fiyano ko jita. Kayan aiki na nan, ba sai kun saya tun ranar farko ba. Yaro yana ganin sa'o'insa suna koyo, abin na ƙara masa ƙaimi. In ya girma yana son harkar haɗa kiɗa, ya riga ya saba da wurin. Yadda za ku bambance ta da ɗakin ɗauka zalla ba wuya: ku ce za ku zauna ku kalli darasi ɗaya na wani yaro. Ku lura da hannun wa ke kan fiyano. In malami ya ɗora babban yatsan yaro a kan maɓallin "do", sauti na farko, ya sa shi ya hau zuwa "so", na biyar, da yatsu biyar ɗaya bayan ɗaya, ya tsayar da shi ya ɗaga masa wuyan hannu da ya zube, ya ce "sake, a hankali", ya kuma jira shi ya sake ba tare da ya karɓe ba, kun zo wurin. In kuwa malamin ne ke ta zuba gwaninta yaro ya saki baki yana kallo, ku yi sallama.

Ku tambaye shi kuma abin da ɗanku zai iya bayan wata uku. Malamin ƙwarai zai ba ku amsa ƙarama mai kan gado, kamar ya ce zai iya waƙoƙi biyu ko uku masu sauƙi da hannun dama, ya fara haɗawa da na hagu. Ku tambaya ko yana koyar da karanta rubutun kiɗa ko da kunne kawai yake tafiya. Kowanne da amfaninsa: mai kunne yana saurin shiga waƙoƙinmu na gida, mai karatu kuma shi ke iya zama jarrabawa. Ga mai wannan buri, hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM da ke Ingila tana da jarrabawa mataki 1 zuwa 8, ƙungiyar kiɗa ta MUSON da aka kafa a Legas a 1983 tana da nata matakan, kuma kiɗa darasi ne da ake iya ɗauka a WAEC. A Kano, Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa a 2001, ita ke sa ido kan harkar mawaƙa da sutudiyo, don haka ba laifi ku tambayi mai wuri ko yana da rajista.

Sai maganar da ta fi kuɗi muhimmanci. Sutudiyo da yawa da dare suke raya aiki, kuma manya iri-iri ke shiga da fita. Kada ku bar yaro, balle yarinya, a rufaffen ɗaki da babba shi kaɗai. Darasi ya kasance da rana, ƙofa a buɗe ko akwai gilashin da ake hangen ciki, kuma wani daga gida ya iya zama a duk lokacin da ya so. Wurin da ya nuna ƙyashin zamanku, ya ba ku amsar da kuke nema. Ku kula da ƙara ma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sautin da yara ke ji ta abin sawa a kunne ya wuce desibel 75 (ma'aunin ƙarar sauti) na tsawon awa 40 a mako. Ba ku da ma'auni a aljihu, amma in sai kun ɗaga murya kafin na kusa da ku ya ji ku, ƙarar ta yi yawa.

Zaɓi na biyu shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi taɓa mini zuciya: gidan makaɗin gargajiya. Muna da kalangu, wanda asalinsa kiɗan mahauta ne, muna da dundufar maƙera, gangar noma, gurmi, garaya, kukuma da goge, ga kuntigi mai tsirkiya ɗaya da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi kafin rasuwarsa a 2015. Ku tsaya kusa da mai kalangu ku kalli hammatarsa. Yana matse tsirkiyoyin da suka haɗa fatun fuska biyu, sauti ya hau. Ya sassauta, ya sauka. Da haka gangar ke faɗin sunan mutum da kirarinsa har na nesa ya gane da shi ake. Ba fiyanon da zai koya wa yaro wannan alaƙa ta kiɗa da harshensa.

Sai dai koyon a can ba aji ba ne. A al'ada yaro bi yake yi: ya ɗauki kaya, ya shiga cikin 'yan amshi, a ba shi ƙaramar ganga irin kurkutu ya riƙe ma'aunin kiɗa, sai bayan an ga hannunsa ya faɗa a miƙa masa kalangu. Hanya ce mai kyau da ta fitar da manyan makaɗa, amma tana tafe da bukukuwan dare da tafiye-tafiye, abin da ba zai haɗu da boko da Islamiyya ba. Wasu kayan ma ba na kowa ba ne. Tambari da kakaki na fada ne, kuma yawanci gado ake yi. Ga kuma abin da dangi za su ce, wai an mayar da ɗa maroƙi. Mafita ita ce ku yi yarjejeniya a fili da makaɗin: ya zo zaurenku, ko ku kai yaron gidansa da la'asar, ranar Alhamis ko Juma'a da yawancin Islamiyyu ke hutu, ku biya shi kamar yadda za ku biya malamin lesin, ba bin biki, ba roƙo. Dattawan makaɗa da yawa za su yi murna da wannan, domin 'ya'yansu ma ba duka ke karɓar sana'ar ba. Kayan kuma ba sa neman wuta ko janareta, kuma in fata ta fashe a unguwa za a gyara.

Mutanen Nijar sun ɗan fi mu sa'a a nan. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, wadda aka buɗe a 1989, inda kayan gargajiya da na zamani ke ƙarƙashin rufi ɗaya. Marigayi Malam Maman Barka, gwanin gurmi, a can ya yi aiki. Wanda ke kusa ya fara leƙa can.

Malami mai zuwa gida shi ya fi kwanciyar hankali ga mai 'ya mace ko yara ƙanana, kuma in yara biyu ko uku za su koya, kuɗin adaidaita sahu da za ku huta da shi ba kaɗan ba ne. Illarsa, dole ku mallaki abin kiɗan, kuma yaro shi kaɗai yakan yi saurin gajiya. Ga iyalai Kirista, coci makaranta ce babba. Da yawa daga cikin masu kaɗa fiyano da jita a Jos da Kaduna da Sabon Gari daga ƙungiyar mawaƙan coci suka fito. Darasin fasaha da al'adu da ake yi a firamare da ƙaramar sakandare yana taɓa kiɗa, amma a makarantu da yawa a allo yake ƙarewa. YouTube kuwa taimako ne ga mai malami. Waya ba ta ganin yatsan da ya lanƙwashe, ba ta kuma hana yaro zamewa zuwa wani bidiyon.

Wanda ba ya son kayan kiɗa a gidansa, ya nemi malamin rubutacciyar waƙa ko mai koyar da ƙasida. Wannan gado ne mai tushe tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, waɗanda suka karantar da jama'a da waƙa. Yaro zai koyi kari da amsa-amo, sarrafa numfashi, da tsayuwa gaban mutane ba tare da murya ta yi rawa ba. Kaso mai yawa na amfanin da na lissafa a sama yana nan, kuma kusan ba abin saye sai littafi da biro.

Game da sayen kaya, kada ku yi gaggawa. Ku bar yaro ya yi wata ɗaya ko biyu da na malami tukuna. In fiyano ne, babba yana da maɓallai 88, amma mai 61 ya ishi mai koyo shekaru. Ku nemi wanda in an danna a hankali sautin ke fita ƙasa-ƙasa, in an danna da ƙarfi ya ɗaga, domin da wannan hannu ke koyon laushi. Ƙananan Yamaha da Casio da yawa suna aiki da batir shida, abin da ba a raina shi a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama. In na hannu za ku saya, ku danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya a gaban mai shago. In jita ce, akwai ƙanana da aka yi daidai hannun yara, kuma mai tsirkiyar roba ta fi ta ƙarfe sauƙi ga yatsu masu taushi. Iskar hunturu na busar da katako har ya tsage, don haka a riƙa mayar da ita jakarta, a nisanta ta da rana.

Ɗan shekara shida ko bakwai ya isa fara fiyano; ganga da waƙa ana iya farawa kafin haka. Darasin minti 30 sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar, muddin a gida yana taɓawa minti 10 zuwa 15 kullum. In kuna lissafin kuɗi, ku haɗa da na mota, na batir ko mai, da na wanda zai raka shi. Kada ku biya na zango guda a dunƙule tun farko. Ku biya na wata ɗaya, ku kuma ji tun wuri ko ana rama darasin da malami ya fasa. In watan ya cika, ku zaunar da yaron ya kaɗa muku abin da ya koya shi kaɗai, ba malami a gefe, ba kiɗan kwamfuta a bayansa, sannan ku yanke shawarar biyan wata na biyu.