Yawon wuni ɗaya daga Kano zuwa Tiga: shirin ya yi, amma a kula da wajen ruwa

Matasan da ke shirya wa mutane yawon buɗe ido na wuni ɗaya sun yawaita a Kano, kuma tsarin da suka fi tallatawa shi ne: hawan Dala da sassafe, a kama hanyar Zariya zuwa madatsar ruwa ta Tiga, a hau duwatsun wajen Rurum, a shiga kwale-kwale, a dawo. Tsarin yana da kyau. Kuɗinka ba zai tafi a banza ba, muddin ka san abin da za ka tambaya kafin ka biya.

Inda suka fi burgewa shi ne farawa da Dala bayan sallar Asuba. A lokacin dutsen bai ɗau zafi ba, kuma daga sama ana hango Gwauron Dutse da tsohon birni baki ɗaya. Jagora mai kirki zai ba ku labarin Barbushe da Tsumburbura a taƙaice. Minti 40 ya isa. Wanda ya cusa muku Gidan Makama da kasuwar Kurmi a wannan safiyar ya cinye muku wunin, gara a ware musu rana tasu.

A bar gari kafin ƙarfe 8, don cunkoson Na'ibawa ba ya jiran kowa. Tiga na da nisan kilomita kusan 70, ana wucewa ta Tamburawa da Kura, inda za ku ga gonakin rani da ruwan madatsar ke shayarwa tun bayan kammala ta a 1974, aikin zamanin Audu Bako. A cika tanki tun daga Kano. Ku duba safaya da jak da idonku, ku tabbatar tayar na da iska, domin nan ne direban shata ya fi yin sakaci.

Hawan dutse a gama shi kafin 12. Duwatsun nan fako ne, inuwa kaɗan ce, kuma da rana ta take sai su riƙa dawo da zafi kamar tanda. Kowa ya riƙe ruwa lita 2, ya sa takalmi mai ƙasan roba mai kama dutse, ban da silifa. Saukowa ta fi hawa haɗari, don nauyin jiki yana komawa kan gwiwa, ƙananan tsakuwoyi kuma suna zamewa. Idan an yi ruwan sama, a haƙura da hawan.

Sai maganar ruwa, kuma a nan nake da ƙorafi. Yawancin masu shirin ba su da jirgin kansu, sai an isa gaɓa suke ciniki da masunta. Babu tsayayyen lokacin tashi, mai jirgi na iya tafiya duba komarsa, ku zauna jira har La'asar. Daga nan sai a shiga gaggawa, gaggawar kuma ita ke kawo lodin da ya wuce kima. Kanawa ba su manta da Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a ruwan Watari tsakanin Badau da Bagwai, aka rasa rayuka da dama, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Don haka a gina tafiyar gaba ɗaya a kan lokacin shiga ruwa: a tsayar da shi tun ana gobe tafiya, ta hannun sarkin ruwa ko mai unguwa, tsakanin Azahar da ƙarfe 3. Da damina hadari ya fi tasowa da yamma, iskarsa na tayar da igiyar ruwa cikin 'yan mintuna. Watannin Nuwamba zuwa Fabrairu sun fi kwanciyar hankali, ko da yake hazo kan rufe gaɓar can.

Ka tambayi mai shirin kai tsaye: Malam, rigunan kariya daga nutsewa nawa ne, kuma akwai na yara? Mutum nawa jirgin ke ɗauka? Idan na inji ne, akwai filafili da abin kwarfar ruwa a ciki? In ku 14 ne, jirgin na 8 ne, a yi sawu 2, ko da kuɗin zai ƙaru. Babu mai miƙewa tsaye don ɗaukar hoto.

Wani kuskuren da ake yawan yi: a sauka a wata gaɓar daban, a ce mota ta zagayo. Hanyar mota ta fi ta ruwa nisa sosai, sabis ɗin waya kuma yana ɗaukewa. Ya fi sauƙi jirgin ya dawo da ku inda kuka hau. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, a ba mai jirgi rabi, sauran sai an taka ƙasa. Ƙarfe 4 da rabi a kama hanya, a yi Magariba a Kano.