Gargaɗi: Naira 185,000 na biya, fenti da guba aka aiko min

Tun shekaranjiya ban yi barcin kirki ba. Naira 185,000. Kuɗin tarwaɗar da na kwashe daga kandami bayan wata biyar ina ɗawainiya da ita, na ɗauka da hannuna na tura wa wani maras tsoron Allah da ke tallar murjani mai rai a Facebook.

Masu cewa me ya kai mutumin ƙauyen Ringim kiwon murjani, ku dakata. Ni ba sabon shiga ba ne a harkar ruwa, shekara takwas ina kiwon kifi. Kafin in sayi komai sai da na yi wata huɗu ina haɗa akwatin gilashin nan. Gishirin teku na musamman na saya, ba na miya ba. Ruwan rijiya sai na tace shi. Ma'aunin gishiri na tsayar a 1.025, ɗumin ruwa tsakanin 25 da 26, a garin da zafin Afrilu ke wuce 40. Fanka a kan sola, robobin ƙanƙara safe da yamma. Tun ina allo nake jin murjani a Suratur Rahman, ina ganin jan nan a wuyan kakarmu, burina kawai in ga mai ransa a ɗakina. Laifi ne?

Abin da ke ci min rai shi ne kiran bidiyon da muka yi da mai tallar. Ya ce shi ɗan Kano ne mazaunin Legas, Hausarsa tas. Ya zagaya da ni cikin akwatuna, komai na walƙiya, kore da ruwan lemo. Muna cikin magana aka kira Isha'i, sai ya ce, "Alhaji, bari in yi salla in sake kiran ka." Kuma ya kira. Nan zuciyata ta kwanta. Mutum ya katse ciniki saboda salla, ya dawo yana cewa "amana ce tsakaninmu", wa zai zarge shi? Har yanzu muryar na kunnena. Bari in yi salla in sake kiran ka.

Sai daga baya na gane shuɗiyar fitila ce ya kunna, wadda ke sa murjani ya yi ta ƙyalli. Akwatunan ma Allah kaɗai Ya san na wane ne.

Guda uku muka yi ciniki, 140,000. Kuɗin mota 25,000. Af, kafin nan ma, ko bayan nan ne, ya ce akwai takardar shigo da kaya daga Indonesiya, 20,000. Eh, bayan na tura na farkon ne, ranar Laraba. Ku haɗa ku gani, 185,000 cif. Na ukun shi ya fi kurantawa, wai sabon nau'i ne, ko suna ba a sa masa ba.

Da kaina na je tashar manyan motoci a Sabon Gari na karɓo kula, na rungumo ta har gida. Na farko ja ne jawur, amma bai taɓa motsi ba. Murjani dabba ce, tana da ƙananan bakuna da ke buɗewa su rufe. Wannan shiru. Kwana uku ruwa ya soma yin ja-ja. Na ciro shi na goga da farin ƙyalle, fenti ya biyo. Mataccen ƙashi ne fari fat aka rina.

Na biyu kuwa ya yaudare ni sosai. Wasu 'yan abubuwa masu ruwan ƙasa, da dogayen siraran yatsu, suka yi ta yaɗuwa, daga uku sun haura ashirin. Murna nake, har maƙwabta na kira su gani. Na ɗauki hoto a farin haske na tura zauren masu wannan kiwo ina neman sunansa. Ba a yi minti goma ba amsa ta zo: Aiptasia. Ba murjani ba ne, annoba ce, harbin murjanin gaske take yi, ba ta da ƙashi, ka taɓa ta shige rami, ka yanka ta ƙara yawa. Abin da mutane ke kashe kuɗi su rabu da shi, ni aka sayar wa.

Na ukun, wanda wai ba shi da suna, shi ya tsayar min da numfashi. Kamar maɓallan riga yake, manne da dutse. Mutum biyu suka ce Palythoa ne, kuma a cikin irinsa akwai masu ɗauke da guba mai suna palytoxin, wadda ke shiga ta ciwon hannu, ta ido, ko ta tururi. Ni kuma da haushi ya kama ni, na riga na ce wa uwargida ta ɗora ruwan zafi in ƙone duwatsun gaba ɗaya. Tukunya na kan murhu saƙon ya shigo: kada ka tafasa, an sha kwantar da iyali guda a asibiti saboda haka. 'Yata mai shekara huɗu kullum tana jikin gilashin nan. Mai tallar bai ce min uffan ba a kan guba. Safar hannu ma bai ambata ba.

Na kira shi ya fi sau talatin. Da farko ya ce ruwana ne ba kyau. Ruwana! Sannan ya toshe ni, shafin ma ya sauya masa suna. Na kai ƙorafi banki, ina jira. Hotunan hirarmu, rasit uku na 140,000 da 25,000 da 20,000, da hoton ƙyallen da fenti ya ɓata, duk zan ɗora su da daddare in sola ta yi caji.

Kada ku tura kuɗi sai kun ga abu a farin haske, an faɗa muku sunansa kun tambayi wasu. Abin da ba ku sani ba kada ku taɓa da hannu tsirara.

Duwatsun suna nan cikin bokiti mai murfi, na kulle a ɗakin ajiyar abincin kifi, makullin na aljihuna. Ɗazu Hajiyarmu ta tambaye ni nawa na kashe, na kasa buɗe baki in ce 185,000.