Kubet ko tsinken zaren haske: wanne ya dace da awon UV a ɗakin gwaji?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta yi tambaya. Ɗakin gwajinsu yana auna naitiret a ruwan sha, yana kuma bin yadda ƙwayar farasitamol ke narkewa, kuma suna shawarar ko su sayi tsinken zaren haske da ake tsomawa cikin samfur, ko su ci gaba da kubet, wato ɗan ƙaramin mazubi mai ratsa haske da ake zuba samfur a ciki a sa a na'ura. Malama, naitiret dai ki bar shi a kubet ɗin kwaz, wato wanda aka yi da tsantsar silika mai barin hasken UV ya wuce. Aikin narkewa ne tsinke zai yi miki rana, shi ma da sharaɗi.

Bambancin daga hanyar hasken ya taso. A kubet, haske yana fitowa daga fitila, ya ratsa milimita 10 na ruwa sau ɗaya, ya faɗa kan ma'auni, a cikin akwati rufaffe. A tsinke kuwa zare ɗaya ne ke kai haske bakinsa, hasken ya ratsa ruwan da ke cikin wata tsaga da ke bakin, ya bugi madubi, ya sake ratsa ruwan, zare na biyu ya mayar da shi na'ura. Saboda zuwa da dawowar nan, tsaga mai milimita 5 tana ba da tafiyar milimita 10. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe: su auna tsagar da ido, su sa 5 a lissafin Beer-Lambert, wanda ke fitar da yawan sinadari daga shan haske da tsawon tafiyarsa, sakamako ya ninka. Ki duba ko lambar da ke jikin bakin ta tsaga ce ko ta tafiyar haske.

Kowace mahaɗa da kowace mita ta zare tana cin haske, kuma cin ya fi muni a gajeren zangon haske, wanda da nanomita ake auna shi. Zaren silika na yau da kullum, idan hasken fitilar ditiriyam da ke ƙasa da nanomita 260 ya daɗe yana bi ta cikinsa, yana lalacewa a hankali har ya fara shanye haske da kansa, musamman wajen nanomita 214. Naitiret kuma a 220 ake karanta shi, a cire ninki biyu na karatun 275 don gyara abin da dattin halittu ya ƙara. Kenan wurin da zaren ya fi rauni, nan ne wurin awonki. Alamar ita ce ki daidaita sifili da safe, kafin azahar ki mayar da tsinken cikin ruwan sifilin ki ga ya daina nuna sifili. Kubet ɗin kwaz ba shi da wannan ciwon har zuwa kusan 190. Na gilashi da na roba irin folistirin kuwa daga wajen 340 suke fara aiki, kada ma a kusanto da su wannan awon. In dole sai an yi da tsinke, a sayi zare mai jure UV wanda aka rubuta hakan a takardarsa, a gajarta shi iya yiwuwa, a rufe ƙofar fitila tsakanin awo da awo.

Sai ɓataccen haske, wanda ya fi ɓoyewa. Wani ɓangare na hasken yana dawowa daga tagar tsinken bai taɓa ruwa ba. A ce kashi 1 cikin 100 ne kawai. Samfurin da shan haskensa na gaskiya 1.0 ne zai nuna 0.96, wanda yake 2.0 kuma zai nuna 1.70. Layin ma'auninki, wato layin da ke haɗa shan haske da yawan sinadari, zai lanƙwashe daga sama, ki ɗauka sinadarin ne, alhali tsinken ne. Shi ya sa ya fi kyau a tsaya tsakanin 0.2 da 1.0. Hasken ɗaki ma yana shiga ta tsagar. Na'ura mai fitilar zenon mai walƙiya, irin Cary 60, an ƙera ta don ta jure shi; ƙananan na'urori masu fitila kunne koyaushe suna bukatar a lulluɓe kofin da baƙin ƙyalle, a ɗauki karatun duhu, wato karatun na'ura da ƙofar fitila a rufe, a daidai yanayin da za a yi awon.

To, ina tsinke ya fi? A gwajin narkewa. Da kubet sai an zuƙi samfur daga tulun mililita 900 mai zafin digiri 37, a tace, a tsarma, a kai na'ura, kuma da ƙyar a samu karatu biyar ko shida cikin minti 30. Tsinke yana zaune cikin tulun yana karantawa duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, ruwan bai ragu ba, bai huce ba. Amma ba a tsarmawa a cikin tulu. Ƙwayar farasitamol mai miligiram 500 cikin mililita 900 ta kai kusan maikirogiram 555 a kowace mililita, kuma a nanomita 243 da tafiyar milimita 10 shan hasken ya haura 30. Ko baki mai tafiyar milimita 1 aka sa, yana sama da 3, wanda ya wuce iyakar 1.0 nesa ba kusa ba. Sai a haɗa gajeren baki da matsawa daga ƙololuwar zuwa gangaren da ke wajen 280 ko gaba, a gina layin ma'auni a wurin. Ba a kuma tacewa, don haka garin sitaci da sauran kayan haɗin ƙwayar suna watsa haske su ɗaga karatun. A cire karatun wani zango da maganin ba ya sha, kamar 350. Idan sakamakon na sakin magani kasuwa ne, sai an tabbatar da hanyar a rubuce tare da ta kubet kafin a dogara da ita.

Kumfa ita ce babbar abokiyar gaba. Ƙwaya ɗaya da ta maƙale a madubi ta isa ta sa karatu ya yi tsalle. A tsoma tsinken a karkace, a ɗan girgiza shi, a leƙa tsagar da ido, kuma a fitar da iskar ruwan tun kafin a fara. Bayan an ɗauki sifili kada a motsa zaren, domin sauya lanƙwasarsa yana sauya hasken da ke wucewa. A ɗaure shi da tef a kan tebur. Zare mai kaurin maikiromita 600 ba ya son lanƙwasa mai tsanani, a naɗe shi da faɗi kamar bakin faranti babba. Lokacin hunturu, ƙura kan bakin mahaɗar SMA, wato inda ake ɗaura zaren a jikin na'ura, tana rage haske sosai, sai a riƙa mayar da murfinta, a goge da takardar ruwan tabarau da ɗigon isofurofanol.

Kafin ku biya kuɗi, ku nemi a gwada muku tsinken da fotasiyam daikuromet, miligiram 60 a lita, a nanomita 235, 257, 313 da 350, ku kwatanta da karatun kubet na ruwa ɗaya. Idan 235 ne kaɗai ya kauce, zaren ne ko ɓataccen haske. Idan duka huɗun suka kauce da kaso ɗaya, tsawon tafiyar hasken bakin ne ba daidai ba, kuma wannan ana gyara shi a lissafi.