Gargaɗi ga masu bindigar farauta a Kaduna: an cinye min Naira dubu 850

Kwana uku ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Naira dubu 850, jama'a. Kuma ni da hannuna na tura, ba wanda ya sa min wuƙa a wuya.

Bindigar ta marigayi Baba ce, Brno 602 mai sakata (ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle), ƙirar Cekoslobakiya, lasisi kuma da sunana yake. Harsashinta .458 Winchester Magnum, ga wuyar samu, ga harbin kafaɗa kamar jaki. Na daɗe ina son a sauya mata bututu ta koma harba harsashin .375 H&H. Wani a zauren mafarauta na WhatsApp ya biyo ni ta gefe, wai aikinsa ke nan.

Kafin wani ya ce min sakarai, ku ji abin da ya kama ni. Mun haɗu a teburin mai shayi kusa da gadar Kawo. Ya zaro kwanson harsashi guda biyu, na .458 da na .375, daga aljihu ya jera a kan tebur, ya nuna min ɗamarar da ke gindinsu da farce. Ya ce, "Alhaji ka gani, gindinsu ɗaya ne, ba sai an taɓa fuskar sakata ba. Na .375 ya fi tsawo, amma 602 tana da wurinsa." Wallahi gaskiya ya faɗa! Har shekarar da Turawan Ingila suka fito da .375 ɗin ya sani, 1912. Shekara ashirin ina farauta, waye zai ji haka bai sakankance ba? Har yanzu in na rufe ido kwanson nan biyu nake gani kusa da kofin shayi. Ni na biya kuɗin shayin ma.

Dubu 500 na fara turawa, wai kuɗin bututu daga Afirka ta Kudu. A'a, kafin nan akwai dubu 50 na "buɗe fayil". Sai dubu 300 wai kaya sun maƙale a hannun kwastam a Legas. Ku haɗa, 850. Na biyu da na uku ma asusun wani suna daban ya ba ni, ya ce na ƙanensa ne mai POS. Uwargida ta ce, "Baban yara, mutumin nan ka san shagonsa?" Na ce mata ba harkar mata ba ce. Yau ko kallon idonta ba na iyawa.

Hoton bututun da ya turo min tun makon farko, sai da ya yi layar zana ɗan yayata ya buɗa shi da yatsu, ashe .375 Ruger ne a buge a jikin ƙarfen. Wani harsashi ne daban, ba shi ma da ɗamara. Wata biyu hoton na cikin wayata ban duba ba.

Abu ɗaya Allah Ya tsare ni. Ya matsa in ba shi sakatar ya je ya yi awo, na ƙi. Da na tambaye shi batun lasisi, tunda girman harsashi a rubuce yake a takarda, sai ya ce yana da mutane a sama. A nan ya kamata in tashi. Ban tashi ba, washegari ma na tura dubu 300 ɗin.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na je banki. Rasit uku da hotunan hirarmu duk suna nan, zan ɗora su da zarar an ba ni dama. Lambarsa a kashe take tun ranar Talata, ko Litinin da dare.

Duk wanda ba shi da shago da izinin gyaran bindiga na hukuma, kar ku ba shi ko sisi, balle sakata. Yana cikin wasu zaurukan har yanzu da sabuwar lamba, an ce yanzu tabaran hangen nesa yake tallatawa.