Madubin likita na USB daga Adum: yadda ya nuna mana 'yar garkuwar ƙwari

Na daɗe ina koyar da kimiyya a wata makaranta da ke unguwar Asawase a Kumasi, ƙasar Ghana, kuma duk lokacin da darasi ya kai ga ƙirjin ƙwaro, sai in zana wa yara a allo abin da ba su taɓa gani da idonsu ba. Shi ya sa a zangon karatun da ya wuce na shiga wani shago a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, na sayi ƙaramin madubin likita irin wanda ake jona wa kwamfuta ta USB, mai fitilu 8 kewaye da bakinsa, an rubuta a kwalinsa cewa yana ƙara girman abu har sau 1000.

Na zaɓi in gwada shi da sukutelum, domin in dai na'ura ta iya fito da wannan ɗan wuri sarai, to, ta ci kuɗinta. Ƙirjin ƙwaro gaɓa 3 ne, kowace da ƙafafu 2, sukutelum kuwa ɗan faifai ne a ƙarshen bayan gaɓar tsakiya, daidai tsakanin tushen fikafikan gaba. Sunan daga Latin ne, ma'anarsa ƙaramar garkuwa, don haka a aji 'yar garkuwa muke ce masa.

Wani ɗalibi ya kawo koren ƙwaro mai wari daga gonar kokon kawunsa, wanda manoma ke kira atee, kuma a kansa na'urar ta fi burge ni. 'Yar garkuwarsa babbar alwatika ce da ta miƙe a bayansa har tsakiyar jiki, ta cika fuskar kwamfutar, ga ƙananan ramuka a kanta kamar an tsattsaga da allura. Ajin ya yi tsit, sai wata yarinya ta ce, "Malam, ashe ba fiffike ba ne." Wannan maganar nake nema tun shekaru. A ƙuda ma an ga nasa, rabin da'ira mai tsayayyun gashi a gefe.

A kan sauro ne ta gaza, alhali nan ne abin ya fi muhimmanci ga mutanen Zango. Sukutelum na anofilis, mai yaɗa zazzaɓin maleriya, gefensa a lanƙwashe yake sumul, na sauran irin sauro kamar kyules da edis kuwa ya kasu tudu 3, kowane da tarin gashinsa. Wannan bambanci nake so yara su gani, amma mariƙin na'urar na roba ne, da an taɓa maɓallin daidaita gani sai hoton ya yi rawa ya ɓace, fitilun kuma suna haske jikin ƙwaron har su shafe komai. Sai da na rufe su da farar takarda mai laushi, na ɗaure mariƙin a jikin tebur, kafin muka hangi tudun nan 3, su ma da ƙyar. Batun sau 1000 kuwa ban ga abin da ya yi kusa da shi ba.

Na koma shagon na ce, "Alhaji, don Allah ka riƙa gaya wa malamai gaskiyar ƙarfinsa." Ya saurare ni da mutunci, ya kuma yi alkawarin nemo mini mariƙin ƙarfe. Malamin da manyan ƙwari zai nuna wa aji ya saye shi ba fargaba, wanda kuwa tantance sauro ne aikinsa ya nemi madubi mai ido biyu na ɗakin gwaji.