GARGAƊI: ɗinkin hannu muka biya, aikin keke aka aiko mana

Jama'a, N185,000. Dubu ɗari da tamanin da biyar, kuma ba kuɗina ba ne, karo-karo ne na 'yan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo. Wasa muke shiryawa a kan yadda Turawa suka ci Kano a 1903, muna neman rigar da mai fitowa a matsayin Sarki Alu zai sa: saƙi na gaske, mai adon aska takwas a gaba, ɗinkin hannu da zaren tsamiya, wato silikin gargajiya. Ina za a ɗora wa sarkin wancan zamani shadda mai aikin kwamfuta?

Kada wanda ya ce min ban bincika ba. A gidan maɗinka na tashi, na san aikin allura. Shi ya sa na ce wa mutumin da muka ba aikin rigar sai ya kira ni ta bidiyo. Ya kira. Ya juya rigar ya nuna min cikinta, ga ƙulle-ƙullen zare, ga haɗin sirara-siraran ƙyallen saƙi, allura ba ta tafi daidai-wa-daida ba kamar yadda hannu yake yi. Ya ce, "Ranki ya daɗe Hajiya, dattawan Zariya ne suke min, wata uku ake zaune a kan irin wannan." Har yanzu muryar tana kunnena. Ranki ya daɗe Hajiya. Wa zai ga cikin rigar nan ya yi shakka? Ashe rigar aro ce ta nuni.

Na fara tura N100,000. Sai N50,000 wai tsamiya ta yi tsada. A'a, kafin nan ma akwai N35,000 ta rini da bugu, lokacin da ya ce mahaifiyarsa na asibiti, har addu'a na yi mata. Ko bayan nan ne? Oho dai, duka N185,000.

Da kayan suka iso tasha na kwance ƙullin a gaban yaran ƙungiya, wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yadin kanti ne aka buga wa zanen saƙi, falle ɗaya, babu haɗi ko guda. Na juya cikin askar, ga farin zaren ƙasa na keke ya jeru sambal, har da takardar da masu aikin keke suke mannawa ba a gama ɓarewa ba. Zaren kuwa sai ƙyalli yake, tsamiya ba ta wannan ƙyallin. Na kira, a kashe. A WhatsApp ya toshe ni, shafinsa na Facebook ya canja suna, hotunan dai su ne.

Rasit uku da hirarmu duk na adana, zan ɗora su da zarar na rufe lambobin asusu. Dubu ɗari da tamanin da biyar fa, ta ɗalibai da masu koyon sana'a!

Bidiyo ba shaida ba ne. Ku tura naku ya je ya ga maɗinkin da allura a hannu, ya taɓa rigar, sannan ku biya.